Hannu na Bakwai

A Phonsavan ta ƙasar Laos, bayan kasuwar safe,
inda ake sayar da cokulan da aka narko daga ɓawon bam,
nan ɗakin aikina yake:
tebur guda, fitila guda,
da hannuwa shida jere a kan kanta,
duk na dama, duk sun kasa.

Na fari ya murƙushe ƙwai.
Na biyu ya ji tsoron ƙwai, ya bar shi ya faɗi.
Na uku nauyi, kamar an ɗaura wa mutum guduma.
Na huɗu damina ta shige shi.
Sauran biyun, a bar kaza cikin gashinta.

Tsoho Thongdy ake wa ɗinkin.
Nasa na haihuwa ya bar shi a fadamar shinkafa
ranar da fartanya ta daki abin da ke kwance a ƙasa
tun kafin a haife ni,
ɗan dunƙule, bai fi lemun zaƙi ba,
mai haƙurin jira.

Ya zo ran Talata da laka har ƙwauri.
Na manna masa 'yan faifan ƙarfe a dungulmi,
inda tsoka ke raɗa abin da zuciya ta nufa.
Na ce, "Dunƙule."
Layi ya zabura a fuskar na'ura.
Ya ce, "Ashe yana nan yana saurare?
Shekara sha ɗaya ban yi masa magana ba."

Na bi hagunsa gaɓa-gaɓa da ma'auni,
na ga abin da malamaina suka tsallake:
nasa yatsun ba sa rufuwa tare.
Ƙaramin ke fara rusunawa,
sauran su biyo shi kamar masu gaisuwa,
babban ya zo ƙarshe ya ja ƙyaure.
Na sa zaren fatsa a madadin jijiya,
roba mai ɗan kaushi a tafi,
a kan kowane yatsa ɗan tsegumi
mai gaya wa inji, "Ya isa haka."

Ya ɗauki kofi. Ya ɗauki ƙwai, ƙwai ya tsira.
Ya gutsuro shinkafa mai danƙo daga ɗan kwando,
ya mulmula loma,
karkatacciya, amma loma.
Na miƙe zan yi shewa,
ya ce, "Zauna, Phetsamone, ba ci ya kawo ni ba."

Farin zare ya zaro daga aljihu.
Jikarsa Viengkham za ta Vientiane karatu,
mu kuwa ba ma sallamar matafiyi
sai manya sun ƙulla masa zare a wuyan hannu
don kurwarsa kada ta ɓace a hanya.
"Na gaji da jan ƙulli da haƙori," in ji shi.

Na miƙa masa nawa ya gwada.
Ya kama, ya kewaya, ya ƙulla.
Sai hannun ya ƙi saki.
Ya riƙe ni gam, inji na gurnani ƙasa-ƙasa,
tsoho na ba ni haƙuri, gumi na tsatso masa,
ni ina lalubar sukudireba da hagu.

Wata takwas ina koya wa ƙarfe riƙo,
ban ware ko yini guda na koya masa saki ba.

Kwana huɗu na zauna bakin taga
ina kallon mai taliya tana miƙa canji,
yadda tafinta ke buɗewa ba gaggawa,
sai ta ji nauyin ya koma wani hannu.
Na sassauta waya biyu. Na rage wa babban yatsa taurin kai.

Ran Asabar ina tsaye bayan taro.
Ya ƙulla.
Hannun ya yi jinkiri, numfashi uku, ko huɗu,
yarinyar ba ta ja nata ba.
Sannan ƙaramin yatsa ya ɗaga,
sauran suka bi.

Ban san ko wayar ce ta makara ba.
Ban tambaye shi ba.
Zarensa na gwaji yana wuyan hannuna har yau,
ya yi baƙi da man inji.